Barka da Rama

Ni mai jiki ce, kuma a gidanmu na Fagge ba a taɓa barina na manta ba. In na hau bene ina haki, Umma ta ce in rage tuwon dare. Ko atishawa na yi, ƙiba ce ta jawo.

Ƙanwata, autar gidanmu, ita ma da tana da ɗan jikinta, musamman bayan haihuwarta ta biyu. Sai kawai ta fara zubewa. Ba ta rage cin komai ba, ci take kamar gara, ga lemon kwalba a kai, amma kullum tana hanyar tela a rage mata kaya. A bikin 'yar kawunmu mata suka yi mata caa: "Ke Auta, wa zai ce kin haihu? Kin koma budurwa! Ba mu sirrin mana." Ita kuwa sai juyi take cikin leshin da mijinta ya sayo mata a Kantin Kwari.

Ni abin da na gani daban ne. Kafin a tashi daga kamu ta shanye ruwan leda ya fi a ƙirga, tana ta zaryar banɗaki. Da na kai mata ziyara Rijiyar Lemo, na shiga banɗaki bayan fitowarta, na tarar kiyashi sun ja layi har bakin masai. Haka muka riƙa gani a gidan kakarmu kafin ciwon suga ya ci mata ƙafa.

Na yi mata magana a hankali. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaya, hassada ga mai rabo taki ce." Na kai maganar wurin Umma, ita kuma ta ƙarasa ni: "Ke da kike fama da wannan jiki, ke ce za ki ce wani ba shi da lafiya? Je ki duba kanki tukuna."

Wallahi ranar na yi kuka, na baƙin ciki da na tsoro. Ina kallon ƙanwata tana ƙarewa, bakina kuma ba shi da daraja saboda faɗin ƙuguna. To, tunda ni aka ce in duba kaina, shi ke nan. Na kira Auta a waya na ce, "Na yarda zan je gwaji, amma kin san ni da allura. Ki raka ni." Ta yi ta dariya, ta ce ko don ta ga idona za ta zo.

Wurin gwajin yana Sabon Gari, a saman wasu shaguna kusa da kasuwa. Na haye benen ina haki kamar kullum. Da na waiwayo, Auta tana tsakiyar matakala, ta riƙe ƙarfe, goshinta ya jiƙe. Ta ce takalmi ne ya matse ta.

Mai gwajin wata mata ce mai fara'a, Hausarta ta Zariya, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta kama yatsana, na fizge. Ta sake kamawa, na sake fizgewa, ina ƙara nuna tsoro da gangan, don in Auta ta gano ni ba za ta ƙara biyo ni ko'ina ba.

Na ce, "Sai dai a fara da ke, in ga ko da zafi."

"Kai Yaya, duk girman nan?" Ta miƙa hannu tana dariya. "Tsira min, ta ga yadda ake yi."

Matar ta tsira, ta ɗiga jinin a 'yar na'urarta. Ba na'urar na kalla ba, fuskarta na kalla, na ga fara'ar ta ɗauke. Ta kama ɗaya hannun ta sake gwadawa. Sannan ta ce, "Hajiya, tun yaushe kike yawan jin ƙishirwa?" Matar ta juyo gare ni: "Daga nan kada ku biya gida. Suganta ya hau sosai, asibiti za ku wuce yanzu."

Ko nawa gwajin ban tsaya an yi ba. Na riƙo ta muka sauko, na tare adaidaita sahu. Cunkoson bakin kasuwa ya tsare mu, ina ta yi wa direban faɗa kamar shi ya tara motocin. Auta ta kwantar da kanta a kafaɗata, jikinta ba nauyi ko kaɗan.

Can ta ce, "Da gangan kika yi, ko?"

Na ce, "Da gangan."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai na ji hawayenta yana jiƙa min mayafi. "Yaya, kowa fa ya ga na rame. Kowa. Barka suka yi ta yi min."

Na kama wuyan hannunta, yatsuna biyu suka zagaye shi har da saura.