Gizo-gizo Mai Murfi a Iyakar Gonar Inna

A gonarmu ta hanyar Salka akwai wani gizo-gizo da ba ya saƙa a sama. Rami yake haƙawa, ya shafe cikin ramin da saƙa, ya yi masa murfin ƙasa kamar na kwalba. In ƙwaro ya gifta, sai ya ɗaga murfin ya fizge shi. Inna takan tsuguna ta yi ta kallonsa, ni kuwa ina yi mata tsiya, ina cewa tsufa ya kai ta ga gaisawa da ƙwari.

Shekarar da Baba ya rasu, maƙwabcinmu na gona ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka. A wurinmu wannan ciyawa ita ce shaida, babu wata takarda. Ruwan farko na sauka ya dasa sabuwa, kunya huɗu cikin gonar Inna, inda take shuka gyaɗarta.

Ranar da mai unguwa zai duba rikicin iyakar, na hau mashin daga Kontagora, raina a ɓace. Inna ba ta yi musu da kowa ba. Ta tsinci tsinke, ta je inda tsohuwar gambar take, ta ɗaga wani murfi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ya zama inda garma ke bi," ta ce wa mai unguwa. "Shekaru yake yi a rami ɗaya."

Ta buɗe guda bakwai a jere. A layin sabuwar gambar ba a sami ko ɗaya ba.

Maƙwabcin ya ce, "Haba Hajiya, ai ramin tururuwa ne."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na fizgi fartanya na tone ramin farko, gizo-gizon ya fito, baƙi, mai kauri. Ban tsaya ba sai da na tone duka bakwai ɗin, don kada ya sake samun bakin magana. Mai unguwa ya ce a mayar da gamba inda take.

Na taho ina jin kaina, ina jiran Inna ta sa mini albarka. Sai da muka kusa titi ta yi magana.

"Ɗaya ma ya isa. Na farkon nan Babanki ne ya nuna mini shi, tun yana iya riƙe garma."

Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba. Inna ta ci gaba da noman gyaɗarta a kunyoyin nan huɗu, amma ban ƙara ganin ta tsuguna a iyakar ba.