Daga-Farko da Ƙwan Zabin Yaya

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a unguwar, kowa Daga-Farko yake ce masa. Ko lafiyar gwiwarsa ka tambaye shi, sai ya gyara zama ya ce, "Bari in faro maka daga farko." Farkon nan kuma ba ya kusa. An taɓa yin wani direba da ya tsaya tambayarsa hanyar tasha, bai samu tafiya ba sai da ya ji tarihin duk wanda ya taɓa kama shago a kan kwanar.

Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan tsukukun shago mai warin dalma. Da rediyo ta ja baya, sai ya koma sana'ar ƙyanƙyasa. Ya samo tsohon firji ya kwantar da shi a shagon, ya sa masa fanka da abin ɗumamawa da tire mai karkata ƙwai, ya haɗa da sola da batir don kada wuta ta yanke ko na daƙiƙa ɗaya. Ƙwaƙwalwar akwatin kuwa wani ɗan allon lantarki ne da bai kai tafin hannu ba. Shi ya rubuta masa umarni da kansa, da wani harshen rubuta manhaja da ya koya a waya yana da shekara hamsin da biyar, tabarau a kan hanci.

Abin da ya sa harshen ya kwanta masa, ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne warwatse a duniya suke gina shi a lokacin hutunsu, kuma cikinsa a buɗe yake kamar rediyon da aka kwance wa baya, kowa na iya leƙawa. Suna da wani shafi da duk wanda ya ga aibi a harshen zai kai rahoto, a tattauna, a gyara.

Shekara biyu akwatin yana aiki ba ko tari. Mata su kawo ƙwan kaji, bayan sati uku su zo da kwali su kwashi 'yan tsaki. Shi kuma ya kashe akwatin, ya wanke shi tas, ya sake zubi.

Sai ya gwada ƙwan zabi guda sittin. Ana saura kwana uku a ƙyanƙyashe, lokacin da ba a buɗe murfi ko kaɗan, gilashin gaba yana nuna zafi daidai, ashe ciki ya yi sanyi ƙalau. Ko ɗaya bai fito ba. Ya canza waya, ya canza abin ɗumamawa, ya canza allon ɗungurungum. Ya zuba ƙwan kaji, lafiya lau. Wani maƙwabci ya kawo ƙwan agwagwa, abin ya maimaita kansa. A karo na biyun dai ya gano inda aikin yake tsayawa. Akwai wani umarni na harshen da ke cewa "jira minti biyar ka sake duba zafi". To a nan akwatin yake shiga jira, ya ƙi fitowa.

Ana cikin haka Yaya ta iso da kwando. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi, kuma har yau da furfurarsa Auta take ce masa. Ƙwan zabi casa'in ta tara, ɗaya bayan ɗaya, daga zabinta da ke ɓoye ƙwai a bayan katanga.

"Auta, an ce firjinka ya fi kaza iya kwanci. Ga su nan. Ko ɗaya ya yi ciwon kai, da ni kake zancen."

Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To, Yaya." Bai gaya mata abin da akwatin ya yi wa ƙwan zabin farko ba.

Uwargida tana bakin ƙofa tana kallonsa. Da Yaya ta fita ta ce, "Malam, yau ina farkon ya tafi?"

"Ke dai bari. Zan rubuta wa masu harshen nan."

Washegari da hantsi ya buɗe kwamfuta ya rubuta rahoto. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi iyalansu da ayyukansu da yanayin garuruwansu. Ya gabatar da kansa tun daga shagon rediyo. Ya bayyana yadda ya samu firjin da gardamar da aka yi kafin a ɗora shi a kura. Ya kawo labarin kaji, na zabi, na agwagwa, na Yaya da goyon da ta yi masa. A ƙarshe ya liƙa umarninsa gaba ɗaya, layi ɗari huɗu. Da a takarda ne, labarin kaɗai shafi tara cur.

Kwana biyu shiru. Rana ta uku amsa ta zo daga wata mai kula da shafin. A can ba a cika sanin sunan kowa ba, hoton tsintsiya ta sa a madadin fuskarta, don haka Daga-Farko ya sa mata Mai Tsintsiya. Ga abin da ta rubuta: "Mun gode. A rage misalin zuwa mafi ƙanƙantar abin da zai nuna matsalar, kada ya wuce layi goma. In ba mu ga aibin da idonmu ba, ba za mu iya gyara shi ba."

Ya karanta sau uku. Ya cire tabarau.

"Uwargida, zo ki ga rashin tarbiyya. Ko 'ina gajiya' babu. Na tambayi iyalinta, ba ta ce suna lafiya ba."

"Wataƙila kafin ta kai ƙarshen gaisuwarka yaran sun girma sun yi aure."

Al'adar masu harshen ke nan, kuma suna da hujja. Rahoto ɗari ke jiransu, ba mai biyansu ko sisi, don haka wanda ya kawo kuka shi zai feƙe shi har ya zama tsinke. Amma ga Daga-Farko, cewa ya taƙaita daidai yake da a ce ya yi atishawa ido buɗe. Kwana biyar yana yanka. Ya cire fanka, ya cire tire, ya cire ma'aunin zafi, kowane layi yana cirewa yana yi masa ban kwana. Ya dawo da shi layi tara, ya aika.

Wani mai hoton kyanwa ya gwada ya ce, "A wurina yana aiki." Wani ya ce laifin allon ne. Wani ya ce a'a, batir ne, su biyun suka kaure da gardama har saƙo ashirin, suka manta da mai rahoton. Mai Tsintsiya ta raba su, ta ce ta bar misalin yana gudu awa shida bai tsaya ba, ta manna wa rahoton alamar "ba a iya maimaitawa ba".

Ƙwai kuwa ba su san ana gardama ba. Daga-Farko yana haska su da tocila yana ganin jijiyoyi sun zama inuwa, inuwa ta fara motsi. Kullum ya ja layi ɗaya da alli a bango. Layi na ashirin da uku ya zo ya same shi zaune a kan benci ya yi tagumi, shayinsa ya huce.

Uwargida ta shigo da tsintsiya ta gaske, ta ce ya ɗaga ƙafa.

"Malam, ni fa ban san harshenku ba. Amma firjin nan yana da ido ne?"

"Wane irin ido?"

"To ta yaya yake gane wannan ƙwan kaza ne, wannan na zabuwa, har ya zaɓi wanda zai kashe?"

"Ba ya ganewa mana. Bari in faro miki..."

"Kada ka faro mini komai. Kaza kwana nawa?"

"Ashirin da ɗaya."

"Sai ka kashe ka wanke. Zabuwa fa?"

"Ashirin da bakwai, ko da takwas. Agwagwa ma..." Ya tsaya, baki buɗe.

"To ba ƙwan yake ƙi ba, daɗewa a kunne yake ƙi. Ɗaga ɗaya ƙafar."

Ya jawo littafinsa, don shi komai sai ya rubuta. Zabin farko, kwana na ashirin da biyar. Agwagwa, kwana na ashirin da biyar. Ya rubuta saƙo mafi gajarta a rayuwarsa, ko sallama babu: "Ba ya tsayawa sai ya yi kwana ashirin da biyar a kunne. Sau biyu. Yau kwana ashirin da uku."

Ba a yi awa ɗaya ba Mai Tsintsiya ta amsa, wannan karon da tsawo. Ta ce harshen yana ƙirga lokaci a cikinsa, sau dubu a kowace daƙiƙa, tun daga sa'ar da aka kunna allon. Ma'ajin ƙirgar kuwa yana da iyaka, kamar mitar babur da ke cika ta juye. Bayan kwana ashirin da huɗu da awa ashirin da rabi yake cika, lissafi ya birkice, umarnin jira ya zauna jiran lokacin da ba zai zo ba. Ba wanda ya taɓa lura, saboda yawancin masu amfani da harshen a irin wannan allo ba sa barinsa a kunne haka. Ta ce aibin nasu ne, ba nasa ba. Kafin a gama gyara, ya kashe akwatin ya kunna, ƙirga za ta koma farko.

Sai ta ƙara da cewa, "Na koma na karanta rahotonka na farko duka. A shafi na bakwai ka ce ka kunna ƙarfe shida na yamma, bayan Yaya ta tafi ka sha shayi. Ke nan jibi ƙarfe biyu da rabi na rana zai tsaya. Ina gaida Yaya."

Daga-Farko ya miƙe tsaye. "Kin gani? Shafi na bakwai! Da na taƙaita fa?"

"Da ka taƙaita da yana shafi na ɗaya. Je ka kashe."

Bai kashe ba. Ya ce shi makaniki ne, sai ya gani da idonsa. Mai Tsintsiya ta turo masa facin da ta rubuta don gyara harshen, layi uku kacal, da dabarar tura agogon allo gaba don kada a jira sati uku. Ya ɗauko tsohon allon da ya cire ya ɗora a teburi. Da tsohon harshen, minti goma ya sandare. Da facin, ya wuce wurin ko gezau. Ya gwada sau biyar, yana rubuta wa shafin sakamako, mai hoton kyanwa yana ta neman a ƙara gwaji kaza. Haka ranar ta tafi, washegari ma haka.

Ranar da aka ambata, ƙarfe biyu saura, ya aje komai ya nufi soket. Sai ga sallamar Yaya. Ta zo duba jikokinta, in ji ta. Ta jawo kujera ta dasa a gaban firjin, daidai kan wayar wuta.

"Yaya, ɗan matsa zan kashe akwatin."

"Ka kashe me? Ƙwaina na ciki za ka kashe? Auta, ka taɓa ganin kazar da aka kashe aka kunna?"

"Na daƙiƙa goma ne kawai."

"Ko na ƙiftawar ido. Me ya sa?"

Ya dubi agogo, ya dubi Yaya. Babu hanya sai gaskiya, gaskiyar kuma tana da zabi sittin da agwagwar maƙwabci a cikinta. Ya jawo benci, ya gyara zama.

"Bari in faro miki daga farko."

Biyu da kwata yana kan yadda aka ɗora firji a kura. Biyu da minti ashirin ya iso ƙwan zabin da suka yi sanyi, Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Kuma ka karɓi nawa ka yi shiru? Kai? Shiru?" Biyu da ashirin da biyar yana ƙoƙarin bayyana mata mitar babur, tana cewa ita ba ta ga abin da ya haɗa babur da zabuwa ba.

Fanka ta yi ɗif. Su biyun suka waiga. Uwargida ce durƙushe a bayan kujerar Yaya, filogi a hannunta, tana ƙirgawa a fili. Da ta kai goma ta mayar. Fanka ta ɗauka, gilashi ya kawo haske, zafi daidai.

"Ci gaba, Malam," in ji ta, tana karkaɗe zani. "Yanzu kana da kwana ashirin da huɗu."

Yaya ta tashi ta tafi a fusace. Bayan kwana biyu ta dawo da kwali, fuska a ɗaure, ta tarar shagon ya cika da tsuwar 'ya'yan zabi. Tamanin da ɗaya suka fito, ƙanana masu zane a ka, suna ta hawa kan juna. Ta tsuguna tana kwasa tana ƙunshe dariya.

"Tara fa, Auta?"

"Yaya, ko kazarki..."

"Kazata ba ta ɓoye mini magana." Ta ware guda biyar ta miƙa wa Uwargida. "Naki ne. Shi kuma a ba shi ruwa, ya sha surutu."

A satin aka shigar da facin cikin harshen. Sun haɗa da wani ɗan gwaji da zai riƙa tura agogo gaba duk lokacin da aka taɓa wurin, don kada aibin ya dawo, Mai Tsintsiya ta sa masa suna gwajin zabi. Kafin ta rufe rahoton ta nemi ya turo musu hoton 'ya'yan, da ɗan bayanin yadda aka ƙare.

Ɗan bayani, in ji ta. Daga-Farko ya goge tabarau, ya ce wa Uwargida kada a jira shi cin abincin rana.