Roƙon Dattawa da Ya Hana Ni Lisans

Da ƙaramin dipilom na fara aikin jinya, irin wanda ake samu bayan birebe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Aka tura ni wata ƴar likita, wato ƙaramin asibiti, a wani ƙauye na ƙasar Guci, ɗaki biyu da rumfa, daga ni sai wata ungozoma da ta girme wa uwata. Can ƙuruciyata ta ƙare, ina allura, ina wanke miki, ina fama da yara idan zazzaɓin damina ya kwantar da rabin gari. Ban raina aikin ba, amma kowa ya san mai ƙaramin dipilom inda aka aje shi nan yake tsufa. Sai da lisans, wato digiri, ake ba mutum riƙon babbar likita, albashi ma ya ɗan ɗaga kai.

Na sha zama konkur, jarrabawar neman gurbin komawa lakwal ƙarin karatu, ina faɗuwa. Shekarar da na ci, ita ce ta ƙarshe da shekaruna suka yarda in shiga. Abu ɗaya ya rage, babban likitan da ke samanmu ya sake ni in tafi Damagaram karatu, ya turo wani madadina. Ya ce zai duba, amma daga muryarsa na san ba shi da wanda zai turo.

Na je gida Yekuwa na gaya wa Inna. Ta yi hamdala, sannan ta ja mini kunne, wai ciki da tafiya ba a shelarsu, bakin mutane ba shi da kyau. Haka aka rene mu, don haka na kama bakina. Na dai fara rage kaya sannu a hankali, na sayar da awakina, na raba kaji ga maƙwabta.

Ashe idon gari yana kaina. A wajen mutanen nan ma'aikaci ba ya ɗaure kaya a ɓoye sai in wani ya kai tseguminsa sama an kore shi. Haka suka taɓa rasa wani malamin lakwal da suke so, abin yana cin su har lokacin. Ba wanda ya tambaye ni, don a ganinsu tambayar mutum abin kunyarsa ƙara masa kunya ne. Ranar kasuwa maigari da liman da dattawa suka sa manyan riguna, wasu a amalanke wasu a moto, suka nufi biron babban likita. Ni ina can ina yi wa jarirai rigakafi, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ungozoma ce ta ba ni labari daga baya, tana murna. Wai an ba su kujeru sun ƙi, suka zauna ƙasa a bakin ƙofa. Liman ya ce yarinyar nan tasu ce, duk wanda ya kai sukar ta ƙarya yake, a dubi Allah a bar musu ita. Kalma ɗaya ta ishi likitan ya ce musu karatu za ta, ba korar ta aka yi ba. Bai faɗa ba, don faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Da yamma ya kira ni a waya.

"Kin ga mutanenki sun ƙi. Ni wane ne da zan ƙetare roƙon dattawa? Ki bari sai baɗi."

Ya fi ni sanin ba ni da baɗi. Na yi magiya har muryata ta dishe, ya ce haƙuri dai.

Ban gama share hawaye ba na ji guɗa a ƙofar gida, ashe dattawan ne suka zo mini albishir. Dole na shimfiɗa tabarmi na kawo ruwa. Maigari ya zauna da ƙyar, ƙafafunsa sun kumbura da zaman amalanke, fuskarsa kuwa fal farin ciki.

"Ƴata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Muddin muna numfashi ba mai ɗaga ki daga garin nan."

Gaskiya ta zo mini har baki. Na dubi tsohon, na dubi sauran suna jiran godiya, na haɗiye ta. Na ce Allah ya saka da alheri, Baba.

Har yau abin yana ci mini rai, kuma abin da ya fi ciwo shi ne na rasa wanda zan riƙe. Likitan an yi masa canji tuntuni, ya ma manta sunana. Inna ta ce ba rabona ba ne. Da maƙiyi ne ya yi mini, da ko Allah ya isa na samu na ja na huce. Waɗanda muka ci konkur tare yanzu su ke zuwa da mota duba aikina, in fito da gudu in tarbe su.

Bara maigari ya rasu. Da na je gaisuwa, babban ɗansa ya sa aka kira ni gaban jama'a, ya ce cikin wasiyyar tsohon har da ni, wai ko bayan ransa kada a yarda a ɗauke musu ni, kuma shi ya ɗauki alkawari. Mutane suka yi ta sa albarka. Na ce amin, na tashi na koma likita, don na bar mata suna jira a rumfa.