Laka a Takalman Alwyn Tregear

Akwai wani aibi da ya yawaita ga mutanen da suka daɗe da sanin wuri: sukan ɗauka cewa don baƙo aka kafa doka. Wanda ya yi rabin rayuwarsa yana shiga daji gani yake ƙaunar da yake yi wa dajin ta wanke shi daga duk ɓarnar da za a iya yi a cikinsa. Wannan hujja ba ta da tushe, domin ƙasa ba ta tambayar wanda ya taka ta ko masoyinta ne kafin ta karɓi abin da ya kwaso. Duk da haka masu hankali da yawa sun dogara da ita, kuma Alwyn Tregear yana cikinsu.

Mahauci ne a garinmu, a tsakiyar jihar Biktoriya, mutum mai tsabta a sana'arsa, wanda ba ya rufe shago sai ya wanke wuƙa da katako da ruwan zafi. Kowace Asabar shi da amininsa Spiro Kalafatis, mai soya kifi da dankali a bakin tasha, sukan bi hanyar da ta zagaye gandun dajin jiha da ke bayan gari. Hanyar ba ta da wahalar da za ta kori dattijo, amma tana sa gumi. Ta ratsa bishiyoyin turare, ta wuce tafkuna uku da masu haƙar zinariya na dā suka bari, ta haura tudu, sannan ta komo inda ta fara.

A kan tudun Alwyn yana da wata 'yar hanya wadda ƙafarsa ce kaɗai ta fitar da ita. Tana kai mutum ga wani falalen dutse da bishiyoyin ciyawa suka kewaye, masu gajeren kututture baƙi ƙirin saboda gobarar daji, kowacce da tulin siraran ganye a ka. Tsawon da suke ƙarawa a shekara bai wuce faɗin yatsa ba, don haka wadda ta kai kafaɗar mutum ta girmi kakansa. Tsofaffi yake ce musu. A can yake zama ya buɗe fulas ɗin shayi, Spiro kuwa, saboda ciwon gwiwa, ya tsaya a babbar hanya yana mita.

Wata shekara aka gano cutar saiwa a dausayin tafki na farko. A cikin ƙasa take zaune, ido ba ya ganinta, laka ce abin hawanta. Narelle Dunstan, ma'aikaciyar gandun, ta kafa benci da buroshi da kwalbar feshi daidai inda dausayin ya ƙare, domin kowa ya kankare takalminsa ya fesa magani kafin ya hau tudu.

"Kai mahauci, ga wurin wanka nan an kawo maka har daji," in ji Spiro, yana zama a bencin.

"Ni zan goge ƙafa kafin in shiga daji? Sai ka ce falon matar likita! Tun yarinyar da ta kafa abin nan ba ta fara rarrafe ba nake bin hanyar nan."

"To ai shi ya sa. Takalman nan naka, in an karkaɗe su, gonar dankali za a samu."

"Kai dai goge naka, mai ƙarnin kifi. Wannan na 'yan birni ne masu farin takalmi."

Ya kamata a yi masa adalci. A garinmu mutum yakan yi alfahari da takalmin dajin da bai taɓa ganin sabulu ba. A bayan mota yake kwana, laka kan laka, kuma da shi ake gane ɗan gari. Ba mugunta ce ta sa Alwyn ya kewaye bencin ba, al'ada ce. Sai dai al'ada ba ta sauya nauyin abin da aka aikata, tana sauƙaƙa wa mai aikatawa ne kawai. Haka ya ci gaba, damina bayan damina, yana ratsa laka a ƙasa yana hawa da ita sama.

A ƙarshen wata bazara mai tsanani ya tarar da ganyen ɗaya daga cikin tsofaffin ya koma ruwan ɗorawa. Ya ɗora wa fari laifi. Da sanyin Yuli ya zo da ruwansa, sai kan bishiyar ya rufta gaba ɗaya, ya bar kututture tsirara, wasu kuma na kusa da ita suka fara. Da ƙafarsa ya je ofis ya kira Narelle, ransa a ɓace, yana faɗin gwamnati ta bar daji yana mutuwa.

Ta fesa wa takalmanta magani a bakin 'yar hanyar, ta fesa wa nasa ba tare da ta nemi izini ba, suka shiga. Ta daɗe tana kallo. Matattun ba a warwatse suke ba. A jere suke, dama da hagu, tun daga babbar hanya har gindin dutsen.

"Baba Alwyn, cutar nan ruwa take bi, shi kuwa ruwa gangara yake yi. In ka gan ta a kan tudu, ɗauko ta aka yi."

"Wa ya ɗauko ta?"

"Ba zan rantse ba. Kangaru ma yakan taka laka ya hau tudu."

Ya dubi layin matattun, ya dubi inda ya ƙare.

"Kangarun da ke zama a dutsen nan ya sha shayi?" in ji shi.

Ya tambaya ko da magani. Ta ce akwai feshin da ke jinkirta mutuwa, amma ƙasar da cutar ta shiga ba ta rabuwa da ita. Sai ta nuna masa bayan dutsen, can sama, inda wasu 'yan tsiraru ke tsaye kore shar, a gefen da bai saba zagawa ba. Waɗancan, in ji ta, suna iya tsira idan ba a ƙara taka wurin ba, ko da wankakken takalmi, tunda yanzu hanyar da kanta ta kamu.

A nan ne ake auna mutum. Wanda aka kama da laifi yakan so a ba shi wani aiki mai wuya ya yi, domin wahala tana sanyaya zuciya. Abin da aka nema wurin Alwyn bai da wahalar da za a gani a yaba: kada ya sake zuwa. Kuma yana da mafaka idan ya so, domin babu wanda ya tabbatar cewa shi ne. Ya yi lissafinsa kamar yadda ya saba a shago: naman da ake shakkarsa ba a sa shi a kan katako a jira mai saye ya kwanta ciwo kafin a tabbatar.

Asabar ta gaba ya zauna a bencin, ya ɗauki buroshi. Laka ta yi ta zuba.

"Yau kuma falon matar likita za mu?" in ji Spiro.

"Rufe mini baki, miƙo kwalbar."

Da suka iso bakin 'yar hanyar, ya jawo busassun rassa ya tare ta, ya sha shayinsa a tsaye kusa da Spiro, wanda ya ce wannan ne karo na farko da aka sam masa tun yana da zafi.

Ya ci gaba da zagayen har ƙafa ta gaza. Daga nan iyakarsa bencin, inda yake wuni yana tare masu wucewa, ɗan gari da baƙo, yana duba ƙasan takalmansu kamar mai duba haƙoran rago, ya mayar da wanda bai kankare da kyau ba. Wasu sun ɗauke shi tsoho mai fitina, kuma ba su yi ƙarya ba. Narelle takan hango tudun daga nesa da madubin hange, sau ɗaya a shekara, ta zo ta gaya masa nawa ne cikin tsofaffin suka rage. Sun ragu, amma ba su ƙare ba.

Ya rasu a wani sanyin Yuli, bai sake ganinsu ba. Spiro ya ce da ya bi zagayen bayan jana'iza ya nemi bakin 'yar hanyar bai gane shi ba, domin daji ya riga ya rufe wurin.