Mai Busa Ƙahon Hazo

Lokacin da muke zaune a Tumfure, gidaje ba su gama cinye gonaki ba tukuna. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Kirista daga kudu maso gabas, mai gyaran janareto. Ina koyarwa a firamare, maigidana kuma ma'aikacin gwamnati ne. Da yamma yakan fitar da benci su zauna hira da dattijon, ni ina jiyo su daga tsakar gida.

Ta haka na ji cewa kafin ya zo Arewa ya yi aiki a wata tasha a bakin teku. Turawa ne suka gina ta kan tudu, inda kogi ke shiga teku. Idan hazon ruwa ya sauko har matuƙan jirgi suka daina ganin fitilar tashar, sai a tada inji ya hura iska cikin wani ƙaton ƙaho na ƙarfe, jiragen su ji su kauce wa duwatsu. Shi ke kula da injin. Da jirage suka samu na'urorin da ke nuna musu hanya, aka rufe tashar, ya biyo wani ɗan'uwansa Gombe.

Da bama-bamai suka fara tashi a tashoshin mota, matarsa ta kwashe yara ta koma gida. Shi bai tafi ba, ya ce janaretocin mutane na hannunsa. Sai da ya gyara su duka ya mayar wa masu su, sannan ya kawo mana makullin shagon da yake haya da tukunyar gas ɗinsa.

"Malama, ki riƙe tukunyar nan," in ji shi. "Sojojin hanya ba za su bar ni na wuce da ita ba."

Bayan ya tafi, an daɗe kafin ya kira maigidana a waya. Ya ce ya je ganin tsohuwar tashar, ya tarar an yi mata fenti, an kafa rumfuna ana gasa kifi, 'yan makaranta na zuwa kallo a motoci. Ɗakin da yake kwana a da ya zama wurin yankar tikiti. Da masu wurin suka ji ya san injin, suka nemi ya tada musu shi, ya kuwa tayar. Ran Asabar da tsakar rana yake busa ƙahon, sama garau, yara na toshe kunne suna dariya.

Maigidana ya tambaye shi ko zai dawo idan an samu lafiya. Ya ce a'a, a mayar wa mai shago makullinsa. Wani tela ne ya kama shagon daga baya.