Kwandon Malam Barau

Mu'azu mai kwamfuta, da gyaran rediyo ya fara sana'a a kasuwar Jega. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ma'aikata suka fara dawowa gida daga Sakkwato, sai wani Alhaji Audu ya buɗe ɗan kamfani mai mutum uku, suna sayo kaya daga Legas suna haɗa kwamfuta ta gida. Mu'azu aka ba aikin bin masu saye. Babu waya, babu komai, sai tsohon babur da jakar faifai, yau Maiyama gobe Aliero. Mutane na son shi don ba ya yi musu Turanci. Abin da ake turawa da hannu ya ce ɓera ne, wurin zubar da abin da ba a so kuma ya raɗa masa kwando. Shi a ganinsa ya yi basira.

Malam Barau na Aliero, tsohon malamin firamare mai noman albasa, shi ne ya fi kowa riƙo da kamfanin, don mutum shida ya kawo musu. Shekara biyu yana zaunar da gwaggonsa Altine tana faɗa masa asalin gidansu, da sunayen kakanni, da burtalin da suka biyo da shanu, yana bugawa da yatsa ɗaya. Da lokacin kaka ya zo, Gwaggo Altine ta rasu.

Ran wata Laraba Mu'azu ya je duba na'urar, wai tana nauyi. Ya share nan, ya goge can, ya ga kwando cike, ya zubar ba tare da ya leƙa ba. Malam Barau ya shigo da furar baƙo, ya zauna, ya buɗe kwandon.

"Mu'azu, ina maganag Gwaggo?"

"Ina ka aje ta, Malam?"

"Cikin kwando mana. Kai kac ce kwando na. Wa ka zuba shara cikin kwando? Albasa muka zubawa."

Ƙarya na nan kusa da Mu'azu, yana iya cewa na'ura ce ta ci, kuma dattijon zai yarda, don bai taɓa musa masa ba. Abin da ya sa ya kasa ke nan.

"Malam, ni na zubar. Kak ka taɓa komi."

Ya ɗauko faifan da ke tono abin da aka goge, ya saka shi a na'urar. Janareto na tari a zaure, kowane tari kamar wuta za ta ɗauke. Takardu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, dattijon na ƙirgawa da leɓe. Goma sha ɗaya suka dawo cikin sha huɗu, sauran ukun suka buɗe da tarkacen alamomi. A cikinsu har da zaman ƙarshe, wanda tsohuwar ta yi tana kwance.

Mu'azu ya ce zai gaya wa Alhaji Audu komai, in ma Malam ya ga ya koma wani kamfani a Birnin Kebbi, ba mai ganin laifinsa. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Malam Barau ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tashi daga kujerar, ya tura ta gaban Mu'azu.

"Zamna. Ka hi ni sauri. Ni ina hwaɗi kana bugawa, tun muryatta ba ta hita kunnena ba."

Ya fara jero sunaye. Ya kawo na bakwai ya tsaya, sunan ya ƙi zuwa, bakinsa a buɗe, Mu'azu na jira da yatsu a kan haruffa.