Muryar da Ta Rufe Gidan Raino

Anti Rediyo ake kiranta tun tana koyar da aji uku a firamare. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana karanta wa yara littafi, kuma ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya, in ta buɗe baki sai ya yi tsit. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai dai tana fita dalla-dalla, ba gaggawa. Da ta yi ritaya mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu kowacce ta kama gabanta, ya rage daga ita sai falo mai kujeru huɗu da wayar da babbar 'yar ta saya mata.

Wayar nan ce ta sama mata sabon aiki. A guruf ɗin matan unguwa akwai mata kusan ɗari biyu, wasu karatun bai zauna musu ba, wasu ido ya raunana. Da an turo dogon rubutu sai ka ji an ce, "Anti Rediyo, a taimaka mana." Sai ta saka tabarau, ta kurɓi ruwa, ta danna wurin ɗaukar murya ta karanta. Sanarwar ɗauke ruwa, ranar allurar yara, cigiyar wanda ya ɓata. Har ta kai in labari bai zo da muryarta ba, matan ba sa ɗaukarsa da nauyi. Tana jin daɗin hakan, ba ta ma ɓoyewa.

Wata Talata da hantsi ƙanwar mijinta ta turo mata rubutu. Wai a gidan rainon da ke bayan gidan mai ana ɗura wa yara maganin tari don su yi ta barci su daina kuka. Har da hoton kwalabe jere a kan tebur.

Ta kira ta. "Wa ya gani da idonsa?"

"Haba Yaya, kowa fa ya sani. Ke dai karanta, ceton 'ya'yan mutane za ki yi."

Anti Rediyo ta san mai gidan rainon. Tsohuwar ɗalibarta ce, yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin gaba. Ta ajiye wayar, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Sai ta tuna jikarta mai shekara biyu da ake kaiwa irin wannan wuri. Ta danna ta karanta, a ƙarshe ta ƙara da nata: "Iyaye, don Allah a kula."

Kafin la'asar saƙon ya fita daga guruf ɗin, ya shiga na maza, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai. Washegari iyaye suka yi cincirindo a ƙofar gidan rainon suna kwashe 'ya'yansu, wani ya fasa allon sunan da dutse. Bayan mako guda ma'aikatan lafiya suka bincika wurin ciki da waje, ba su sami komai ba. Hoton ma ashe tsoho ne, daga wani gari aka ɗauko shi.

Ta samo takardar binciken ta karanta ta tsaf, ta ce ta yi kuskure, ta roƙi gafara. Nan musu ya ɓarke. Wata ta rubuta, "An toshe mata baki ne." Wata ta ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Masu kare ta suka mayar da zagi, aka tono auren wannan, aka ambaci uwar waccan. Saƙo sama da ɗari huɗu a wuni ɗaya, babu wadda ta tsaya kan abin da takardar ta ce. Ƙanwar mijin kuwa cewa ta yi, "Ni turo miki kawai na yi, Yaya. Ai ba muryata aka ji ba." A ƙarshe guruf ɗin ya rabe biyu, kuma neman gafarar bai taɓa fita daga cikinsa ba.

Anti Rediyo ta shirya ta tafi gidan rainon. Ta tarar da mai wurin tana ɗora ƙananan kujerun roba kan juna, yara uku suna wasa a kan tabarma, cikin ashirin da shida da take da su a da. Matar ta rusuna ta gaishe ta, ta goge kujera ta ba ta.

"'Yata, na zo ne in ce ki yafe mini."

"Na yafe, Malama." Ta ci gaba da jera kujerun. "Kin san abin da ya fi mini ciwo? Mahaifiyata ta kira ni tana kuka. Ta ce da wata ce ta faɗa ba za ta yarda ba, amma ke ce."

Ƙarshen wata aka rufe wurin, matar ta koma garin yayanta. Anti Rediyo ta daina karanta wa kowa komai. Amma saƙon farko bai mutu ba. Bayan 'yan watanni sai ya sake ɓullowa, an rubuta sunan wata unguwa dabam a samansa.

Kwanakin baya tana layin awon jini a asibiti, ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko likita ya iso. Matar da ke kusa da ita ta juyo da sauri.

"Baiwar Allah, na san muryar nan! Ba ke ce kika tona asirin gidan rainon nan ba? Allah ya saka miki da alheri. Ranar na cire ɗana daga wurinsu."

"Ki tsaya ki ji, ba haka maganar take ba."

Sai aka kira lambar matar. Ta suri jakarta ta shige ciki tana ta sa mata albarka.